Na saka .htaccess amma foldar tana buɗe ga kowa, ina matsalar take?

Dan_Fagge: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da sabar haya mai Ubuntu 22.04 da Apache 2.4. Akwai folda ɗaya, /var/www/html/takardu, da nake so mutum 12 na ƙungiyarmu su riƙa sauke PDF da zip daga cikinta, amma kada na waje ya gani. Ga abin da na rubuta a .htaccess, ƙaramin fayil ɗin saitin Apache da ke cikin foldar, don a riƙa tambayar kalmar sirri:

AuthType Basic
AuthName "Takardun kungiya"
AuthUserFile .htpasswd
Require valid-user

Fayil ɗin .htpasswd, mai ɗauke da sunaye da kalmomin sirri, ma yana nan cikin foldar. Sai dai burauza ba ta tambayar komai, duk wanda ya samu adireshin yana ganin jerin fayilolin. A taimaka.

InjiniyaBala: Wa alaikumussalam, Malam. Apache bai ma karanta .htaccess ɗinka ba. Buɗe /etc/apache2/apache2.conf, za ka ga sashen <Directory /var/www/> yana ɗauke da AllowOverride None. Haka Ubuntu ke zuwa da shi, kuma ma'anarsa a yi watsi da duk wani .htaccess da ke ƙarƙashin wurin. In kana so ka tabbatar, rubuta kowane irin shirme a layin farko na .htaccess ka sake buɗe shafin. In yana karantawa zai jefo maka kuskure 500. In shafin ya buɗe lafiya lau, to ko kallonsa bai yi ba.

mai_kebul: Ya mayar da shi AllowOverride All kawai, ya yi restart, magana ta ƙare.

InjiniyaBala: A'a, mai_kebul. All ya yi yawa, AuthConfig ya wadatar in dole sai da .htaccess. Amma tunda sabar tasa ce kuma yana da sudo, me zai kai shi .htaccess tun farko? An yi shi ne don masu hostin na haɗaka waɗanda ba su da ikon taɓa babban saiti. Da zarar ka kunna shi, duk buƙatar da ta shigo sai Apache ya leƙa foldar da duk foldodin da ke samanta yana neman fayil ɗin. Dan_Fagge, goge shi, ka yi haka.

Da farko ka tabbata umarnin htpasswd yana nan:

sudo apt install apache2-utils

Sai ka ƙirƙiri fayil ɗin sunaye a wajen /var/www gaba ɗaya:

sudo htpasswd -c -B /etc/apache2/takardu.htpasswd aisha

Zai tambaye ka kalmar sirri sau biyu. Mutum na biyu da sauran, umarni ɗaya ne amma ba tare da -c ba. Sannan ka gyara izini don Apache ya iya karantawa, sauran masu asusu a sabar kuma su kasa:

sudo chown root:www-data /etc/apache2/takardu.htpasswd
sudo chmod 640 /etc/apache2/takardu.htpasswd

A cikin fayil ɗin shafinka da ke /etc/apache2/sites-available/, tsakanin buɗewa da rufewar VirtualHost, ka saka:

<Directory /var/www/html/takardu>
AuthType Basic
AuthName "Takardun kungiya"
AuthUserFile /etc/apache2/takardu.htpasswd
Require valid-user
Options +Indexes
</Directory>

Kafin ka sake loda saitin, yi sudo apachectl configtest. Sai ka ga Syntax OK sannan ka yi sudo systemctl reload apache2.

Hauwa_Linux: Bari in ja layi ƙarƙashin abin da Injiniya ya faɗa a gurguje. Wannan -c ɗin yana share fayil ɗin ne ya rubuta sabo, ba tare da ya yi maka gargaɗi ba. Ka shigar da mutum 11, ka zo na 12 ka manta ka bar -c, to shi kaɗai zai rage. Sau ɗaya tak ake amfani da shi.

Kuma akwai kuskure na biyu a rubutunka na farko da zai bayyana ko da AllowOverride ya yi daidai. AuthUserFile .htpasswd ba ya nufin fayil ɗin da ke kusa da .htaccess. In hanyar ba ta fara da / ba, Apache daga ServerRoot yake lissafi, wato /etc/apache2 a Ubuntu. Da ka ga akwatin kalmar sirri ya fito, ka rubuta daidai, sai 500 ya biyo baya. Kullum a rubuta cikakkiyar hanya.

Sani_Katsina: To me ya sa sai an fitar da .htpasswd daga foldar? Ai Apache da kansa yana hana sauke duk fayil ɗin da sunansa ya fara da .ht.

Hauwa_Linux: Gaskiya ne Malam Sani, akwai wannan dokar a apache2.conf. Amma ranar da aka koma nginx, wata manhajar sabar yanar gizo irin Apache, ko wani ya yi zip na foldar gaba ɗaya ya ajiye shi a inda ake iya saukewa, dokar ba za ta bi fayil ɗin ba. Abin da ba ya cikin foldar shafi babu adireshin da zai kai mutum gare shi.

Dan_Fagge: Allah ya saka da alheri. Na bi duka, configtest ya ce Syntax OK, na yi reload. Har yanzu ba ya tambaya.

BabanKhadija: Kana da HTTPS a shafin? Da certbot, manhajar karɓo satifiket na HTTPS, ka saka?

Dan_Fagge: Eh, da certbot --apache.

BabanKhadija: To ga ta nan. Duba sites-available da kyau, za ka ga fayil biyu: naka na asali, da wani mai ƙarewa da -le-ssl.conf wanda certbot ya kwafa daga naka ranar da ka karɓi satifiket. Na asalin na fot 80 ne, kuma yanzu aikinsa kawai ya tura mutane zuwa https. Wanda yake ba da fayilolin shi ne na fot 443. Ka sa kwaɗo a ƙofar da ba a bi, wadda ake bi kuma tana hangame. Kwashe sashen Directory ɗin ka mayar cikin -le-ssl.conf. Umarnin sudo apachectl -S zai nuna maka wane fayil ne ke riƙe da wane fot.

Dan_Fagge: Wallahi ita ce. Yanzu ya tambaya, na shiga da sunan aisha.

mai_kebul: Alhamdulillah, an rufe babi.

Zinder_Reseau: Ba a rufe ba tukuna. Akwai abin da ya kamata duk mai karanta wannan zaren ya sani game da Basic, wato irin kullen da layin AuthType Basic ke kunnawa. Ba ya ɓoye kalmar sirri. Burauza tana haɗa suna da kalmar sirri da alamar : a tsakani, ta juya su zuwa base64, ta aika tare da kowace buƙata. Misali aisha:1234 yana zama YWlzaGE6MTIzNA== kuma duk wanda ya kama wannan zai warware shi da base64 -d cikin daƙiƙa ɗaya. Saboda haka HTTPS ne kaɗai rufin da ke kansa. A kan Wi-Fi na otal ko na makaranta, Basic ba tare da HTTPS ba daidai yake da ka faɗi kalmar da babbar murya.

Inda ake zamewa shi ne wajen tura mutane daga http zuwa https. In kulle yana cikin .htaccess ko cikin saitin da ya shafi fot ɗin biyu, kuma dokar turawa zuwa https ita ma tana cikin .htaccess, Apache yana fara tambayar kalmar sirri a kan http, mutum ya rubuta ta tafi tsirara, sannan a tura shi https a sake tambayarsa. Alamarsa ita ce akwatin yana fitowa sau biyu. Tsarin Dan_Fagge ya tsira daga wannan saboda turawar tana cikin VirtualHost na fot 80, kullen kuma yana cikin na 443 kaɗai. Gwada daga wata na'ura:

curl -I http://example.com/takardu/
curl -I https://example.com/takardu/

Na farko ya ba da 301 ko makamancinsa na turawa, na biyu ya ba da 401. In na farko ya ba da 401, akwai gyara. Ka kuma gwada adireshin fayil guda kai tsaye, ba foldar kaɗai ba, ka ga shi ma 401 yake bayarwa.

Sani_Katsina: Ɗaya irin kullen, AuthType Digest, fa? Na ji an ce ya fi Basic tsaro.

Zinder_Reseau: An yi shi ne don zamanin da HTTPS ke da tsada da wuya. Na Apache a kan MD5 yake, kuma yadda yake adana sirrin a sabar ya fi bcrypt, wanda -B ɗin htpasswd ke zaɓa, rauni nesa. Yanzu da Let's Encrypt ke ba da satifiket kyauta, Basic a kan HTTPS ya fi.

Ummi_DevOps: Tunda an ambaci satifiket: wanda zai kulle shafi gaba ɗaya maimakon folda ɗaya ya lura da /.well-known/acme-challenge/. Ta wannan hanyar Let's Encrypt ke tabbatar da cewa shafin naka ne, a kan fot 80. In kullen ya rufe ta, musamman ga masu amfani da --webroot, sabuntawa za ta riƙa faɗuwa shiru, ba za ka sani ba sai satifiket mai kwana 90 ya ƙare burauza ta fara jan allo. Bayan duk wani canjin kulle a yi sudo certbot renew --dry-run.

Nura_nginx: Don amfanin masu nginx da za su zo su karanta, domin na san za su kwafi .htaccess su ce bai yi ba. nginx ba ya karanta .htaccess kwata-kwata. A cikin sashen server ake rubutawa:

location ^~ /takardu/ {
auth_basic "Takardun kungiya";
auth_basic_user_file /etc/nginx/takardu.htpasswd;
autoindex on;
}

Sai sudo nginx -t, sannan reload. Wannan ^~ ɗin ba ado ba ne. In babu shi, kuma kana da wani location na regex kamar na \.php$ ko na hotuna da PDF da aka saka don cache, wato ajiyar wucin gadi, nginx zai fifita wancan a kan wannan. Sakamakon shi ne jerin foldar yana tambayar kalmar sirri, amma /takardu/rahoto.pdf yana saukowa ga kowa. Wannan ya fi rashin kulle muni, don mai shafin yana zaune da tunanin ya kulle.

Kuma kada a yi amfani da -B ga nginx, ba ya gane bcrypt. A bar shi a kan apr1, wanda htpasswd ke yi in ba ka zaɓi komai ba.

Hauwa_Linux: Malam Nura, maganar ^~ daidai ce ɗari bisa ɗari, amma ta bcrypt tana buƙatar gyara. nginx yana gane apr1 da kansa, sauran kuma yana miƙa su ga crypt na tsarin da yake gudana a kai. Tsohon crypt na glibc ba shi da bcrypt, daga nan maganar ta samo asali. Sababbin Debian da Ubuntu suna amfani da libxcrypt, wanda yake da shi. Don haka ya danganta da sabar. A ƙirƙiri suna ɗaya da -B a gwada shiga, in ya ƙi a duba error.log, sai a koma openssl passwd -6.

Nura_nginx: Na karɓa, Malama. A gwada kafin a shigar da jama'a.

Dan_Fagge: Wata tambaya. Maimakon in yi suna 12, ba zan iya yin suna ɗaya in tura kalmar a rukuninmu na WhatsApp ba? Wasu daga cikinmu dattawa ne, ba sa son wahala.

mai_kebul: Yi hakan mana. Takardun ƙungiya ne, ba asusun banki ba.

BabanKhadija: Ban goyi baya ba. Ranar da mutum ɗaya ya bar ƙungiya, ko wayarsa ta ɓace, sai ka canza wa kowa kalmar sirri, ka bi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya kana sake koya musu. Da suna daban-daban kuwa layi ɗaya ne:

sudo htpasswd -D /etc/apache2/takardu.htpasswd musa

Ba sai ka yi reload ba ma, Apache yana karanta fayil ɗin a kowace buƙata. Bayan haka, access.log yana rubuta sunan wanda ya sauke kowane fayil. In takarda ta fita waje, da suna ɗaya na kowa ba ka da ko bakin zaren.

mai_kebul: Kuma da suna 12 za ka zama mai gadin kalmar sirri har abada. Basic ba shi da wurin danna na manta. Duk wanda ya manta kai zai kira, ko da tsakar dare ne.

BabanKhadija: Wannan gaskiya ce, ban musa ba.

Ummi_DevOps: Akwai tsaka-tsaki. Takardun kowa da kowa, irin su ajandar taro, a ba su suna ɗaya. Na kuɗi a sa su a wata folda mai sunayen mutum uku ko huɗu. Ana yi da Require user aisha musa a sashen Directory na wannan foldar. In rukunonin sun yi yawa, sai a kunna sudo a2enmod authz_groupfile, a rubuta fayil mai layi kamar

kudi: aisha musa

a nuna shi da AuthGroupFile, a ce Require group kudi.

Wani abu da ke rikita mutane a nan: jerin fayiloli na Apache yana ɓoye ƙaramar foldar da mai kallo ba shi da izinin shiga. Mutum zai ce foldar ta ɓace alhali tana nan. In kana so a ga sunanta duk da a kulle take, ƙara IndexOptions +ShowForbidden. In ba ka so a san da ita, bar shi yadda yake.

Sani_Katsina: Ni tambayata ita ce yadda ake fita. Na shiga a kwamfutar shagon buga takardu, ina maɓallin fita?

InjiniyaBala: Babu. Burauza tana riƙe sunan da kalmar har sai an rufe ta gaba ɗaya, ba shafin kaɗai ba, wasu ma in an saita su su dawo da shafukan baya sukan ci gaba da riƙewa. A kwamfutar da ba taka ba, a buɗe tagar sirri, a gama a rufe, kuma kada a amsa tayin adana kalmar. Fayil ɗin da ka sauke kuma yana nan cikin foldar saukewa ta kwamfutar, kullen sabar ba ya bin sa can. Wannan shi ne mafi yawan hanyar da takarda ke yawo, ba kutse ba.

Zinder_Reseau: A ƙara fail2ban, manhajar da ke toshe mai yawan kuskuren kalmar sirri, domin Apache ba ya gajiya da mai cankar kalmar sirri, zai amsa masa sau dubu ɗari. A /etc/fail2ban/jail.local:

[apache-auth]
enabled = true
maxretry = 5
findtime = 10m
bantime = 1h

Masu nginx nasu sunansa nginx-http-auth. Ana duba waɗanda aka toshe da sudo fail2ban-client status apache-auth.

Hauwa_Linux: A yi hattara da biyar ɗin nan. Fail2ban adireshin IP yake toshewa, ba mutum ba. In mutanen ofis duk suna kan rauta ɗaya, dattijo ɗaya ya kuskure sau biyar, ofishin gaba ɗaya ya rasa shafin na awa guda, har da sassan da ba a kulle ba. Layukan waya ma sukan tara masu amfani da yawa a bayan IP ɗaya. Ga ƙungiya irin ta Dan_Fagge zan sa 10, in kuma rage toshewar zuwa minti 10. In ofis yana da IP tsayayye a sa shi a ignoreip.

Wannan dalilin ne ya sa Require ip ba zai yi masa amfani ba. Datar waya tana canza IP kusan duk lokacin da aka kashe aka kunna.

Zinder_Reseau: Goma ma ya yi, muddin kalmomin masu ƙarfi ne. openssl rand -base64 12 yana ba da haruffa 16. Kuma a guji htpasswd -b, wanda ake rubuta kalmar a kan layin umarni, don tana zama cikin tarihin bash.

mai_kebul: Haruffa 16 na hauka ga dattijo a kan allon waya? Sai dai ku ba shi kalmomin Hausa huɗu marasa alaƙa ya haɗa.

Zinder_Reseau: Wannan ma hanya ce mai kyau, in ba karin magana ko sunayen 'ya'yansa ba ne. Sai dai a bar haruffa masu lanƙwasa a kalmar sirri da suna, ba kowace manhaja ke aika su iri ɗaya ba, kuma ba kowace waya ke da su a allon rubutu ba.

Aminu_cPanel: Ga wanda ke kan hostin na haɗaka mai cPanel, duk wannan ba sai ya taɓa umarni ba. Akwai Directory Privacy a sashen fayiloli: ka zaɓi folda, ka kunna kariya, ka ba ta suna, ka ƙirƙiri mai amfani. Shi zai rubuta .htaccess, ya ajiye sunayen a .htpasswds a wajen public_html. Matsalar da aka fi gani ita ce in akwai WordPress a shafin: maimakon akwatin kalmar sirri sai a ga 404, saboda dokokin WordPress sun kama buƙatar shafin kuskure na 401. Ana warware ta da ƙara layin ErrorDocument 401 default a .htaccess. Sannan wanda ke gyara fayil ɗin a Windows ya tabbata ya adana shi UTF-8 marar BOM, in ba haka ba Apache zai ga baƙin haruffa a farkon layi ya ba da 500.

Dan_Fagge: Yanzu sakatarenmu yana tambaya ko zai iya ɗora fayil shi ma ta nan.

InjiniyaBala: Abin da ka gina na saukewa ne kawai. Don ɗorawa, hanya mafi kusa ita ce WebDAV, tsarin da ke ba da damar ɗora fayil ta http: sudo a2enmod dav dav_fs, ka ƙara Dav On a sashen Directory, ka ba www-data izinin rubutu a foldar. Amma ka yi tunani sau biyu. Foldar da ake iya rubutu a cikinta kuma PHP na aiki a wurin, duk mai kalmar sirri zai iya ɗora rubutun PHP ya gudanar da shi a sabarka. Dole foldar ta koma wajen /var/www/html, a jawo ta da Alias, a kashe gudanar da PHP a cikinta. Ga kuma Windows, in ka haɗa WebDAV a matsayin faifai, yana tsayawa a fayil mai kusan 50 MB sai an gyara rajista. In mutum ɗaya ne zai riƙa ɗorawa, buɗe masa asusun SFTP ya yi amfani da WinSCP ko FileZilla ya fi sauƙi.

Ummi_DevOps: Da zarar an fara maganar ɗorawa, da mantuwar kalmar sirri, da mahaɗin da zai mutu bayan mako guda, to an wuce gonar htpasswd, an shiga ta Nextcloud, manhajar ajiya da raba fayiloli da ake girkawa a sabar mutum. Yana da duk waɗannan, har da manhajar waya.

BabanKhadija: Yana kuma zuwa da PHP, da rumbun bayanai, da sabuntawar da in ka yi sakaci da ita ta zama ƙofar ɓarawo. A kan sabar mai 1 GB na RAM zai yi nauyi. Mutum 12 da PDF, layi bakwai na Apache sun isa, kuma in layi ya yanke ana tsakiyar sauke babban zip, wget -c --user=aisha --ask-password yana ci gaba daga inda ya tsaya.

Ummi_DevOps: Dattawan nasa ne za su yi wget? Mu bar shi ya gwada wata ɗaya ya ga sau nawa aka kira shi.

Dan_Fagge: Zan fara da suna daban-daban da SFTP ga sakatare. Amma mutum ɗaya yana cewa akwatin yana ta dawo masa duk da ya rubuta daidai.

Hauwa_Linux: Bar sudo tail -f /var/log/apache2/error.log a buɗe, ka ce ya sake gwadawa. In ka ga AH01618, sunan ne babu shi a fayil ɗin, kuma galibi waya ce ta mayar da harafin farko babba, Musa maimakon musa, ko ta ƙara sarari a ƙarshe. In AH01617 ne, sunan daidai, kalmar ce ba daidai ba. Kana iya tabbatar da kalmar daga ɓangarenka da sudo htpasswd -v /etc/apache2/takardu.htpasswd musa. Turo mana layin da ya fito, amma ka goge IP ɗinsa kafin ka manna.